Ajiyar Hosea a Zaurenmu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Wayar Malam, maigidana, ta yi ƙara yau bayan azahar. Shekara biyar da rasuwarsa ni nake riƙe da ita, kuma ba mai kira sai 'yata Hapsatu daga Gombe ran Juma'a. Muryar mace ce, tana neman Malam Bappa. Na ce ya rasu. Ta ce ita ce Zipporah, 'yar Hosea.

Hosea abokin aikin Malam ne a ma'aikata, mutumin Numan. Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, yarinyar tana makaranta a can. Ya turo jan babur ɗinsa ya jingine a zaurenmu, ya ce sati guda zai yi, zai je ya nemo ta. Ita ta fito da ƙafa ta cikin duwatsu. Shi har yau ba labari.

Ta ce a wani ɗan littafinsa ta ga lambar. Yanzu tana aikin jinya a Jalingo. Ta tambaya ko babur ɗin yana nan, na ce yana nan. "Mama, yana tashi?" Ba sayarwa za ta yi ba. Wai tun tana ƙarama da kukansa take gane babanta ya dawo, tana so ta sake ji ko sau ɗaya. Za ta zo ran takwas ga watan gobe.

Na ce in sha Allahu. Ban ce yana tashi ba, amma ban ce ba ya tashi ba, kuma wannan yana damuna.

Talata, 7 ga Mayu

Na rufe ƙofa na taka kik ɗin tayar da babur yadda Malam yake yi. Kamar na taka dutse.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na hau keke mai ƙafa uku daga Wuro Hausa zuwa Jimeta neman makanike. Tun da aka hana hawa babur a cikin gari yawancinsu sun koma gyaran keke da janareto. Biyu suka ce in kawo shi, ba tare da sun ɗaga kai ba. Na ukun wani mai furfura ne, Absalom, rumfarsa tana bayan masu sayar da katako. Da na ambaci Hosea ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya san shi, cocinsu ɗaya a da. Ya ce zai zo Asabar.

Rabona da Jimeta tun bikin Hapsatu. Na ɓata hanya sau biyu.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya zo. Na bar ƙofar zaure a buɗe, na zauna daga bakin ƙofar ciki da hular da nake ɗinkawa.

Ya yaba tsabtarsa. Ya ce bai taɓa ganin babur mai shekara goma a ajiye yana ƙyalli haka ba. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini, na ce duk Juma'a nake wanke shi. Ya ce da me. Na ce da bokiti guda na ruwa da sabulu, ina kwara masa daga sama.

Ya buɗe murfin tanki, ya nuna mini robar bakin ta tsattsage. Ya zare tiyon mai, sai ga jan ruwa yana zuba kamar zoɓo.

"Goggo, kai ka yi ta ba shi wanka, shi kuma yana sha."

Ruwan ya cika tanki da tsatsa, ya bi ya toshe kafireta, ya kai har cikin inji, fistin ya kame. Malam da tsumma yake goge shi, kuma duk wata yana tayar da shi. Na ga gogewar. Ban taɓa lura cewa ba ya sa ruwa ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

A gaban babana na karanta cewa mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya lalace da kansa. Amma wannan hannuna ne. Na ƙirga a kaina, Juma'a ta fi ɗari biyu da hamsin. Kowace da niyya mai kyau, kowace da bokiti.

Laraba, 15 ga Mayu

Absalom ya cire filogi ya ɗura baƙin mai da kalanzir ta ramin, ya ce a bar shi ya jiƙa, kullum in ɗan taka kik a hankali, kada in yi masa dole. Sabon tanki ya fi ƙarfina, na gaya masa gaskiya. Ya ce ina da tsamiya? Wace mace ce ba ta da tsamiya. Wai in jiƙa ta da kauri, in cika tankin, ya kwana uku, tana cin tsatsa. Bayan nan in zuba ƙananan tsakuwa in yi ta girgizawa.

Na ce abin kunu? Ya ce, "Cikin mutum ma tana wankewa, bare ƙarfe."

Na ba shi dambu. Ya ce in rage kuɗin aikinsa da shi, dambun ya fi kuɗi. Ban yarda ba. Mun tsaya a kan rabi.

Asabar, 18 ga Mayu

Na yini ina girgiza tanki a tsakar gida kamar mai kaɗa nono. Kafaɗuna. Ruwa na farko baƙi, na biyu ja, na shida ya fito fari. Na shanya shi a rana na zauna kusa da shi, ban san dalili ba.

Kik bai motsa ba.

Talata, 21 ga Mayu

Bai motsa ba. Ruwan sama kaɗan da la'asar. Ba wanda ya shigo.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na sayar da huluna biyu da na so in ajiye sai kasuwar Sallah. An taya su da arha, na sallama. Absalom ya rubuta mini ringi, gaskit da filogi, ya ce in je shagon Hyacinth mai sayar da kayan babur.

Hyacinth ya ce, "Hajiya, ka zauna." Na ce ban je Makka ba. Ya ce, "To, Hajiya ta gobe." Da ya ji labarin sai ya jawo wani inji daga ƙarƙashin kanta, na hannu ne amma mai rai. "Ka bar wahala. A ɗora wannan, one kick. Yarinya ba zai sani ba. Ka biya small small."

Na daɗe ina kallonsa. Saura kwana goma sha shida, namu kuma ko motsi. Na ce wancan za ta zo ji, ba wannan ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in ya ƙi tashi fa? Na biya kuɗin abin da Absalom ya rubuta. Ya ƙara mini robar murfin tanki kyauta, ya ce, "Wannan don ruwan wanka." Ashe Absalom ya riga ya ba da labarina. Na ji kunya, amma a cikin keke na kama kaina ina murmushi.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na ɗauko bokiti har na kai bakin zaure kafin in tuna.

Hapsatu ta kira. Ta ce, "Inna, ki ce da ita ya lalace mana, shekara goma fa." Ba ta taɓa ganin Hosea yana cin tuwo a kwano ɗaya da babanta ba, ko ta gani ta manta.

Litinin, 27 ga Mayu

Ya motsa. Kamar faɗin yatsa. Na sake takawa ya sauka har ƙasa da wani gurnani. Na waiga in gaya wa wani. Kaji ne kawai.

Asabar, 1 ga Yuni

Absalom ya buɗe injin. Ya shimfiɗa kayan a kan faifaina a jere, ya ce yadda aka cire haka ake mayarwa. Idonsa ba ya ganin ƙananan ramukan kafireta, sai ya miƙo mini. Na bi su da siririyar waya ɗaya bayan ɗaya, ina ɗagawa ga haske. Ya ce hannun mai ɗinkin hula ya fi na makanike.

Yana aiki yana magana, ba da ni sosai ba. Matarsa ta koma ƙauye wajen jikoki. Ya ce ran da Hosea zai tafi sun haɗu a tasha, ya ce masa kada ya je. "Ya ce in da 'yarka ce fa. Shi ke nan na rufe baki."

Na ƙara masa ruwan sanyi daga randa.

Laraba, 5 ga Yuni

An haɗa. Kwalba ɗaya ta fetur na iya saya. Babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Absalom ya taka har gumi ya jiƙa rigarsa. Wuta ba ta zuwa filogi sosai, ɓera ya ci wata waya a ƙarƙashin kujera. Absalom ya ɗaure ta, babur ya sake tari, ya sake mutuwa. Ya ce sai Juma'a.

Na ɗauki waya in kira Zipporah in ce ta ɗaga zuwan. Na ajiye. In ta zo ya ƙi, gara in faɗa mata a fuska.

Juma'a, 7 ga Yuni

Ya tashi kamar minti ɗaya. Hayaƙi ya cika zaure, maƙwabta suka leƙo. Sau huɗu bayan nan ya ƙi.

Asabar, 8 ga Yuni

Ta zo da hantsi. Doguwa, goshin babanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyyar Malam. Kafin ta sha ruwa na gaya mata komai, bokitin, sabulun, shekara biyar. Na ce ni na lalata ajiyar mahaifinki, ki yafe mini. Ta ce, "Duk Juma'a, Mama?" Na ce duk Juma'a. Ta rufe baki da hannu. Ban gane ba ko dariya ce.

Absalom ya taka sau tara. Ina ƙirgawa. Sai na ji warin fetur ya yi yawa, irin na ran Laraba, na ce ko ya sha mai ne, a cire filogi a busar. Ya dube ni, ya cire. Na goge shi da bakin zanena, na hura. A taku na biyu ya kama.

Ta tsaya ta dafa kujerar, idonta a rufe. Mun bar shi yana yi har fetur ya kusa ƙarewa. Da ya yi shiru ta ce, "Mama, ban tuna ba. Na ɗauka zan tuna."

Absalom ne ya ce, yana goge hannu, "Shi ne. Wannan ƙaras-ƙaras ɗin na ƙasa, tun yana sabo yake yi. Na sha ce wa babanki ya kawo in gyara, ya ce bar shi, da shi ake sanina a gida."

Sai a lokacin ta zauna a ƙasa. Na zauna kusa da ita. Na gode wa Allah da ban karɓi injin Hyacinth ba.

Da la'asar aka ɗora shi a akori-kura zuwa Numan, wajen ƙanen Hosea mai gona. Ta ce za ta riƙa kira. Na ce ta gaya masa da tsumma ake gogewa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na share zaure. Ya yi faɗi.

Alhamis, 13 ga Yuni

Absalom ya manta sifanarsa mai lamba goma a bayan randa. Tun Lahadi na gan ta. Mai keken layinmu yana zuwa Jimeta kullum, da na ba shi da tuni ta isa. Ban taɓa barin kayan wani ya kwana a hannuna haka kawai ba, yau kwana huɗu.

Jiya na kwance keken ɗinkina da ita, wanda ya tsaya tun bara. Na jera kayan a faifai. Akwai wani ƙaramin ƙarfe da ya lanƙwashe, ban san sunansa ba. Sai an nuna wa wanda ya sani.

Zan kai masa sifanar da kaina ran Asabar. Da ma ina da sayen zare a can.