Baffa da Zinariyar Gwanja

Daga ƙaninka Sa'adu a Zakka ta ƙasar Katsina, zuwa ga Yaya Bawa a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Yaya, labarin da ka aiko fatake da shi ya jawo mana aiki. Ka ce can ruwan sama ba ya yankewa, ga giwaye a kurmi, kuma kudu da ku mata na wanke yashin rafi su sami zinariya. Zinariyar nan kaɗai ta shiga kunnen Baffa.

Tun ranar ya ajiye fartanya, ya ɗauki ƙwarya ya tare a rafi, alhali gero na jiran maimai. Na same shi jiƙe sharkaf, na ce, "Baffa, ciyawa ta ci gona." Ya ce, "Allahn da ya zuba ta a Gwanja bai manta da Katsina ba." Abin da ya tara ya kai maƙera a Runka, aka hura wuta, yashi ya fito yashi. Yanzu kuma wai saniyarmu zai sayar ya bi ayari, da tsufansa da tarinsa.

Don Allah ka aiko masa da labarin sauro da zazzaɓin can, maganarka kaɗai yake ji. Ka sa mu a addu'a, Allah ya ba mu abin sawa a rumbu bana. Ka gai da mutanen gida. Inna na gaishe ka. Ta ɗaure saniyar a ƙofar ɗakinta, ta ce mai son kwance ta ya fara ta kanta.

Wassalam.