Sunan da Na Ba Magatakardan Kishla

Asabar, 6 Rajab 1367

Malama Hajara ta ce in riƙa rubuta abin da ya wuce a yini, hannuna zai saki. Shekarata arba'in da biyar, bara na fara haɗa baƙi. To, ga abin da ya wuce.

Ɗana Tsoho ya dawo Makka daga Jidda ba ranar hutunsa ba. Ya bar tuƙin motar Amurkawan nan masu fetur. Wai shugabansu ya yarda da ƙasar da Yahudawa suka kafa a Falasɗinu, tun kafin tawada ta bushe. Na ce to ina ruwan mota? Ya ce, "Inna, ba za ki gane ba." Shekara uku yana yabon mutanen nan, har gwangwanin madara yake kawo mini daga wurinsu.

Talata, 16 Rajab

Ya rubuta kansa a sojan da za su yaƙin Falasɗinu, direba. Sai da ya gama ya faɗa mini. Ban yi kuka gabansa ba, ɗan fari ne, ba a yi. Na ce Allah ya tsare, na ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Juma'a, 3 Sha'aban

Abubakar, ƙanen marigayi mijina, shi ke kawo labari daga rediyon shagon gahawa. Yau wai an tsayar da wuta na wata guda. Ya ce makirci ne na Amurka da Ingila. Na tambaye shi ko a wata gudan ana sallamar direbobi su zo gida. Ya yi dariya. "Matar yaya, yaƙi ake, ba aikin Mina ba."

Lahadi, 11 Ramadan

Ba takarda. Kwana hamsin da biyar.

Litinin, 10 Shawwal

Na je Kishla, barikin sojan da ke nan unguwar Jarwal. Akwai taga, akwai magatakarda mai littafi biyu, na matattu da na masu rauni. Mata bakwai a gabana. Da na iso ya ce, "Sunansa, ya Hajja?"

Sunan surukina aka sa masa, mahaifin mijina Wada. Ga shi ɗan fari. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba, shi ya sa muke ce masa Tsoho. Uwata ta mutu a Katsina ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Ga mata a bayana, biyu ma Hausawa ne da suka san ni.

Na ce Tsoho ɗan Wada. Ya bi littafin da yatsa, duka biyun. Ya ce, "Ma fi." Babu.

Na dawo kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gaya wa gida ba ya cikin matattu. Na raba dabino.

Alhamis, 19 Zulƙida

Na koma. Ma fi. Alhamdu lillahi.

Asabar, 12 Zulhajji

Mina. Kwana huɗu ina dafa wa alhazan Kano tuwo, hayaƙi ya cinye mini ido. Wani Bamisre a tantin kusa da namu ya ce an sake barkewa da faɗa, an datse hanyar da motocin soja ke bi. Motoci. Na zubar da miya a wuta. Uwar tantin ta yi ta faɗa, ban ji ko kalma ba.

Laraba, 15 Muharram 1368

Sau shida ke nan. Magatakardan ya san ni, tun daga nesa yake ɗaga hannu: ma fi.

To in ba ya cikin matattu, ba ya cikin masu rauni, me ya hana shi aiko da layi ɗaya? Ya san na koyi karatu. Shi ya sayo mini alƙalamin nan.

Juma'a, 8 Safar

'Yata Ummulkhairi ta raka ni yau, don ƙafata ta kumbura. Tana tsaye ta ji abin da na faɗa a taga. Da muka fito titi ta tare ni.

"Yumma, wane suna kike ba su?"

Na ci gaba da tafiya.

"Wallahil azim, Yumma! Wa ya san Tsoho a daftarin hukuma? Wata huɗu!" Ta juye Larabci gaba ɗaya, haka take in ranta ya ɓaci. Ta ce za ta koma yanzu ta faɗa musu. Na riƙe mata hannu har ta yi ƙara. Na ce in ta je ban yafe ba.

Na sani. A nan dai zan iya rubutawa. Tun zuwa na biyu na sani. Kunya ce ta kai ni ranar farko, amma ba ita ta riƙa mayar da ni ba. Muddin Tsoho nake cewa, ma fi zan ji.

Lahadi, 17 Safar

Ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ba ta gaya wa Abubakar ba.

Dabinon da na raba. Wa na raba wa, a kan me?

Alhamis, 13 Rabi'ul Awwal

Abubakar ya ce an zauna sulhu a wani tsibiri, Masar da Yahudawa. Mai shiga tsakanin ɗan Amurka ne, kuma wai baƙi ne kamar mu. "Su suka hura wutar, su ne kuma masu ruwa," in ji shi, ya tofar da yawu. Na ce Allah ya isa, kamar yadda ake so in ce.

Asabar, 22 Rabi'ul Awwal

Na rubuta sunan a takarda. Rubutu ba furuci ba ne, haka na gaya wa kaina. Sau huɗu ina yagawa.

Litinin, 24 Rabi'ul Awwal

Na miƙa takardar ta taga. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ya ce rubutunmu na Takari ba ya karanta masa, in faɗa da baki. Ummulkhairi ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

Na faɗa. Muryata ba ta fita ba. Ya ce in ɗaga.

Abdulganiyyu. Abdulganiyyu bin Wada.

Bai buɗe littafin matattu ba. Ya jawo wata takarda daga ƙasa, wadda ban taɓa sanin akwai ta ba. Tun ƙarshen Muharram ta zo. An kama shi da motarsa, yana hannun Yahudawa, da ransa lokacin da aka rubuta. Ya dube ni ya ce, "Ya Hajja, wata biyu muna neman mutanen wannan."

Na ce yaushe za a sako shi. Ya ce fursuna sai an sa hannu a sulhu.

Ban san yadda na iso gida ba.

Laraba, 10 Rabi'ul Sani

Kullum ina tare Abubakar a ƙofa: an sa hannu? Ya ce tun yaushe na zama 'yar siyasa. Ya ce gara a ci gaba da yaƙi shekara goma da a sa hannu a takardar wulaƙanci. Ɗan yayansa ne fa. Ban ba shi shayi ba.

Juma'a, 26 Rabi'ul Sani

Jiya an sa hannu. Maza sun dawo daga masallaci fuska a murtuke, an ce mai gahawa ya kashe rediyo. Abubakar bai ci abinci ba. Na ce masa lallai abin baƙin ciki ne, Falasɗinawa na kwana a tanti ba ranar komawa. Gaskiya ne kuma, na san gaskiya ne.

Da hantsi na je Masallacin Harami. A ɗawafi na yi wa mutanen tantin addu'a. Na yi wa baƙin mutumin nan na tsibiri, a hankali, kada ta kusa da ni ta ji. Allah ya yafe mini in laifi ne.

Ba a faɗi ranar sako su ba. Na fitar da katifarsa na shanya. Hadijatu maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce baƙo za a yi? Na ce ta Abdulganiyyu ce. Ta tsaya tana kallona. Na ci gaba da bugun ƙura.