Baba Ya Riga Ya Sanar wa Dangi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Rano lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

An karɓi takarduna na neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma Asabar ta sama za mu rubuta jarrabawar shiga a Kano. Yaya, tsoro nake ji. Jiya na gwada tambayoyin bara, lokaci ya ƙare ban kai rabin lissafin ba.

Abin da ya fi damuna, Baba ya zaci an riga an ɗauke ni. A wurin suna a gidan Kawu a Rurum ya sanar wa dangi. Gwaggo ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "Kin fitar da mu kunya, Hadiza." Na kasa gyara zancen, sai godiya na yi.

Don Allah ka kira shi ka fahimtar da shi a hankali, ni bakina ba zai iya ba. Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Hadiza