Jinin da likita ke nema a gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni 'yar Mabai ce, ina aure a Kankara. Ina yarinya, lokacin da kuɗin fetur suka buɗe kowa na barin gona, Babanmu ya tafi aikin kamfanin titi, ya dawo da keke da rediyo, ya kuma dawo yana magana shi kaɗai. Dangi suka ce jifa aka yi masa don hassada. A wajenmu jifa ba ya ɓata zuri'a, gado ne ke ɓatawa, shi ya sa har ya rasu da mari a ƙafarsa ba wanda ya taɓa cewa ciwo ne.

Yanzu abin ya faɗo kan ɗana Sani. Maganin asibiti ya kashe muryoyin da yake ji, amma kansa bai dawo ba. Shi da yake tela mai yanka babbar riga ba awo, yau in na aike shi sayen gishiri da ashana sai ya tsaya a bakin shago bai san abin da ya kai shi ba. Likitarsa ta ce maganin ba ya kaiwa wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe tunani, suna bincike a kai, da kuma ko ana gadon ciwon. Suna son jininsa da namu 'yan gida. Ba ta yi mini alkawarin waraka ba, ta dai ce sirri ne.

Matsalar ita ce ɗiyata Hauwa'u. Mutanen Faskari sun kawo gaisuwa, saura binciken asali. Maigidana, mahaifin su Hauwa'u, ya ce a garin nan in aka ga gida guda sun cika mota zuwa ba da jini, kafin la'asar kasuwa ta ji, kuma da an ambaci gado auren ya mutu. Na ce ɓoyewa yaudara ce, ya ce ubana zan tone daga kabari. Tun ranar ba ya cin abincina, ni kuma wallahi tsoro nake ji.

Jiya Sani ya same ni ina tankaɗe, ya ce, “Inna, ni kam nawa ya tahi. Ku bari su ɗiba, ko a gano shi kahin ya kai ga ɗiyan Hauwa'u.” Kafin na haɗa amsa ya manta abin da ya faɗa.

Ni ban manta ba. In kai su a ɗibi jinin ko da auren zai watse, ko in ce jifa ne kamar yadda iyayena suka ce?