Murhun Ɓawon Gyaɗa Ya Tsare Mana Rumfa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, da fatan makwancinki yana cike da haske.

Inna, albishirinki! Rumfarki ta ƙuli-ƙuli a kasuwar Illela tana nan hannuna, kuma murhun da na sha jin kunyarsa ne ya tsare ta.

Kin tuna murhun da kika gina da yumɓun garin Araba, mai ƙaramin baki, wanda ba ya cin komai sai ɓawon gyaɗa? Mata suna kiranki mai rowar wuta, ke kuma ki ce, "Mi icce ya yi muku za ku ƙone shi, ga ɓawo banza?" Ni dai nakan sunkuyar da kai.

To, makon jiya ma'aikatan gandun daji suka sanar za su zo da sikeli, su auna itacen da kowace sana'a ke ci kafin kaya su kai faranti. Nan take labari ya bazu cewa mai babbar wuta kaɗai za a bar wa rumfa, don ita ce 'yar kasuwa ta gaske. Da kin ga Illela! Kowa na aron itace, har daga Ƙonni aka ɗauko a jaki. Maƙwabciyata Ta-Allah ta jibga tsibin da ya ɓoye ta, muryarta kawai ake ji.

Ni ma na bi gida-gida, ko tsinke ban samu ba. Na dawo na hura ɓawonki, ina yi wa rumfar bankwana a zuci.

Ashe a juye muka fahimta! Daji ke ƙarewa, don haka mai cin itace da yawa sai ta sake murhu ko ta tashi. Da suka iso wurina, sikelin ya rasa abin aunawa. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, ni da kika sani da kunya.

Yanzu Ta-Allah ce ke zuwa da ƙwaryar yumɓu in koya mata. Jiya ina nuna mata faɗin bakin murhun, yatsuna suka faɗa cikin sawun yatsunki da ya bushe a jikinsa. Daidai suka zauna, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya ba ki inuwar da kika bar wa wasu.

Ɗiyarki mai ɗaga kai yanzu,
Balkisu