Diyyar Kunnen Baba

Charlotte, 6 ga Satumba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar nan taka? Ka gaishe mini da maƙwabciyarmu Inna Odessa.

Jiya na yi ta buga maka waya, har na fara fushi, sannan na tuna ba ka jin ƙararta yanzu. Shi ya sa na koma takarda.

Karatun jarrabawa ya sa ni a gaba. Shekara da shekaru ina tsaya wa waɗanda suka ji rauni a bakin aiki, amma wai sai an gwada ni kafin a kira ni ƙwararriya a dokar diyyar ma'aikata. Lamar, lauyan inshorar nan da muke karawa kullum, ya gan ni da littafi a harabar kotu, ya ce, "'Yar masaƙa, har yanzu haddar kuɗin diyyar yatsu ake yi?" Na ce masa ya ji da tumbinsa.

Baba, babin da nake kai yanzu na kurumta ne, kuma kai nake gani a kowane shafi. Ƙarar injinan saƙa ce ta cinye maka kunne. Kana da haƙƙi, amma yana da wa'adi, naka kuma zai cika a ƙarshen Oktoba. Ka yarda kawai, a gwada kunnen, inshorar masaƙar ta saya maka na'urar ji. Ina kewar hirarmu ta ranar Lahadi, wallahi ina kewarta.

'Yarka,
Twyla

Charlotte, 28 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fatan tarin ya sake ka, kuma kana cin abinci na gaske, ba wake da burodin masara kullum ba.

Inna Odessa ta kira ta isar da saƙonka. Wai ba za ka kai ƙarar masaƙar da ta biya kuɗin makarantata ba. Haba Baba! Masaƙa ce ta biya, ko guminka da na Mama? An rufe ta, an kwashe injinan an kai wata ƙasa, ko sallama ba su yi muku ba. Kuma wannan ba ƙara ba ce, don irin haka aka yanki inshorar. Baƙi suna shigowa ofishina ina ƙwato musu nasu, ubana kuma ya gagare ni. Taurin kan nan dai na san inda na gado shi.

Karatun ba ya shiga. Da ina makarantar lauyoyi kai ke riƙe mini littafi a kicin, kana jefo tambaya kana karya sunayen shari'o'i, Mama tana dariya tana juya kaza a kasko. Yanzu ni kaɗai nake yi wa kaina tambaya, in amsa wa bango. Tun rasuwarta gida ya yi mini nisa, kai ma kana neman yi mini nisa. Don Allah ka sake tunani.

Taka mai kewarka,
Twyla

Raleigh, 29 ga Oktoba

Babana,

Barka da war haka. Ina fatan kana lafiya. Ni ma lafiya, sai gajiya.

An yi jarrabawa yau. Ban san me na rubuta ba, don da safe, kafin in shiga, na buɗe wasiƙarka.

Na karanta inda ka ce ba kunyar masaƙa ce gaskiyar magana ba. Ka ce a ɗakin saƙa ba wanda ke jin wani, da leɓe kawai kuke magana kai da Mama daga injin zuwa injin, a haka ka nemi aurenta. Ka ce shuuu ɗin da ke kunnenka yanzu irin na ɗakin ne, in ka zauna sai ka ji kamar tana can tsallaken injin, ka ɗaga kai kawai za ka gan ta. In aka sa maka na'ura, abin da za ka fara ji shi ne babu motsin kowa a kicin.

Baba, wannan ba ya cikin littafina.

Da muka fito, kowa ya ciro waya yana kiran nasa. Lamar ma, da duk surutunsa, ashe shi ma jarrabawar ya zo, tsohuwarsa ya kira, ina ji yana cewa, "Mama, na tsira da raina!" Ni ma na buga lambarka. Na san ba za ka ji ba. Na jingina da mota na bar ta tana ta ƙara har ta katse, na yi kukana na share ido.

Jibi wa'adin zai cika. Na bar maganar, ba zan sake tayar da ita ba.

Ranar Asabar ina tafe. Ka jawo mini kujera gefen taga inda haske yake, yadda za ka ga bakina sosai. Ina da labari da yawa, kuma a hankali zan faɗa.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Twyla