Kafiretar Da Yayana Ya Haɗa Mini

Malam, don Allah ka taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa. Ban ma san ta ina zan fara ba, ta babur ko ta bakina.

Yayana makaniken babura ne. Bara ya sami shanyewar ɓarin jiki, ya daɗe a kwance, sai kwanan nan hannunsa na dama ya fara riƙe sifana. Babur ɗina kuwa ya tsufa, yana tari yana mutuwa a hanya. Yaya da kansa ya ce in kawo ya kwance kafiretar, wato mahaɗar mai da iska, shi ne aikinsa na farko tun da ya tashi. Ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya jera ƙananan kayan, ya wanke, ya sa sababbi. Hannun na rawa amma yana ta dariya, har yana tsokanata wai ni ko taya ban iya sa wa iska ba.

Washegari na fito na tarar da fetur ya malale a ƙarƙashin babur, yana ɗiga ta ɗan tiyon da ke ƙasan kafiretar. Soro duk wari, ga matata ta kunna risho a kusa. Na yi ta buga kik, bai tashi ba, fulogi ya jiƙe sharkaf. Na makara aiki, raina ya ɓaci. Na turo shi har ƙofar Yaya, kuma a gaban matarsa da maƙwabtansa na ce da ma ya haƙura, hannun nan ya gama aiki. Wallahi maganar na fita na so in kamo ta. Shi kuwa sai ya naɗe tsummansa.

Na kai wa wani makanike ya sake allurar da ke cikin kafiretar, har yau ɗiga yake. Matar Yaya ta ce mini ya tura akwatin kayansa ƙarƙashin gado, ya kuma sallami waɗanda suka kawo aiki. Ni dai na yi nadama. Laifin hannunsa ne, ko me? Kuma da wane ido zan koma?

Daga ƙanin makanike

Ɗan'uwa, sannu. Tsoronka yana kan hanya: fetur kusa da wuta ba abin wasa ba ne. Tun yau ka riƙa rufe makunnin mai in ka ajiye babur, kuma ka fitar da shi daga soron.

A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi, cikinsa da roba mai iyo. In mai ya cika, robar ta tashi ta tura allura ta toshe hanya. Malala na nufin allurar ba ta rufewa. Ka zare tiyon da ya fito daga tanki, ka tsiyaya mai a farin ƙyalle. In ka ga jan gari, tsatsar tanki ce ke maƙalewa a bakin allura, kuma ko kafireta sabuwa ka sa haka za ta yi. A wanke tanki, a sa matatar mai. In man ya fito tas, a girgiza robar kusa da kunne. In ka ji motsin mai a cikinta, ta huje. Sannan a kifa kafiretar a busa ta hanyar mai. In iska ta wuce, ko allurar ba ta dace da mazauninta ba, ko ɗan ƙarfen da ke tura ta ya lanƙwashe.

Wannan na ƙarshen yana iya zama kuskuren yayanka, ba zan ɓoye maka ba. Amma masu lafiyayyun hannuwa ma suna yin sa kullum, ga shi wanda ka kai wa bai warware ba.

Kada ka gwada ko ɗaya kai kaɗai. Ka tura babur ɗin gidansa, ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji maganar, ka roƙe shi ku buɗe tare, kana riƙe masa abin da ya ce. Kuma ka yi haka tun ba a san inda matsalar take ba. In ka jira sai ka ga tsatsa a ƙyalle, zai gane da laifin ya zama nasa, da ba ka zo ba.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sanyaya zukatanku.